Kafin Ka Cire Fitilar Hilux Ɗinka, Nemi Bango

A gidanmu ni ne "mai kwamfuta". Wanda duk ya taɓa riƙe wannan muƙami ya san wahalarsa. Waya ta ƙi caji, a kira ka. An manta lambar sirrin Facebook, a kira ka. Za a sayo wani abu a intanet, kai ne dai. Ta wannan ƙofa maganar fitilar mota ta shigo mini, ni da aikina rubuta manhaja ne, ban taɓa riƙe sifana da sunan gyara ba.

Kawuna yana da Hilux ƙirar 2012, a-kori-kurar da yake kwaso buhunan hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Gilasan fitilunta sun dafe, sun koma ruwan ɗorawa, da dare kuma haskensu bai fi na aci-bal-bal ba. Wata rana ya miƙo mini wayarsa da wani bidiyo na TikTok: Hilux irin tasa, an sa mata fitilu masu baƙin ciki, da farin zane mai ƙyalli a gefe, sigina kuma tana gudu kamar ruwa. Ya ce, "Injiniya, irin wannan nake so." Na duba, na ga an rubuta lumen 20,000, na ga taurari biyar, na biya. Kuɗin ya kai na sabuwar waya mai kyau.

Ba a yi sati uku ba ya dawo mini da su a kwali.

Ra'ayina bayan wannan abu shi ne: canza fitilar a-kori-kura da ta kasuwa ba laifi ba ne, wani lokaci ma dole ne. Amma yadda mu matasa muke zaɓar ta, wato da kyan fuska da girman lambar da aka buga a kwali, hanya ce ta sayen haɗari da kuɗinmu. Fitilar mota mutum biyu take yi wa aiki, wanda yake tuƙi da wanda yake tahowa. Mai saye kansa kawai yake tunawa, shi kuwa na biyun ba a shawara da shi, sai dai ya ji a idonsa.

Ga abin da ya faru da Kawu. Tun daren farko duk motar da ta tunkaro shi sai ta riƙa ƙyafta masa fitila, alamar ya rage haske, alhali a kan dim yake. Ya ɗauka hassada ce. Sai wani dare a hanyar Kazaure, da kaya cike a baya, bai ga amalanken shanu da ke gefen dama ba sai da ya zo daf da ita. Allah ya kiyaye, ya kauce, madubin gefe kawai ya tafi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne fitilar tana da haske sosai, har ganyen bishiyoyin da ke tsallaken titi yana gani. Gefensa ne kawai babu komai.

Da na zauna na bincika sai na gane laifin nawa ne, kuma laifi ne irin wanda duk mai rubuta manhaja ya sani: na ɗauko abin da aka gina don wani muhalli na dasa shi a wani.

Hasken dim ba zagayayyen haske ba ne irin na tocila. Yana da siffa da aka zana da gangan. Idan ka haska shi a bango za ka ga layi a sama, ƙasansa haske, samansa duhu. A ɓangare ɗaya layin a kwance yake, don kada ya shiga idon mai tahowa. A ɗaya ɓangaren yana hawa sama, don direba ya hango gefen titi da nisa, inda mai tafiya a ƙasa da mai keke da allon hanya suke. A ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama, kamar Najeriya tun 1972, da Nijar da Kamaru da Chadi, da Ghana tun 1974, hawan dole ya kasance ta dama. To Hilux fa? Cikin manyan wuraren da ake ƙera ta akwai Tailan da Afirka ta Kudu, kuma duka biyun ta hagu ake tuƙi. Haka Ostireliya, inda Hilux take da kasuwa sosai, haka Japan da Ingila. Saboda haka kasuwar kayan kwalliyar Hilux a intanet cike take da fitilun da aka yi wa masu tuƙin hagu. Za su shiga mazauninsu daram, kusoshi su dace, soket ya dace, komai ya kama. Amma hawan hasken yana hagu, wato kai tsaye cikin idon wanda ke tahowa, gefen dama kuma a bar shi a gajarce. Irin wadda na saya wa Kawu ke nan. Mai sayarwa bai rubuta ba, ni kuma ban san ana tambaya ba.

Akwai alamar da za ta iya taimaka maka. Fitilar da ta bi ƙa'idar Turai tana da da'ira da harafin E da lamba a ciki, lambar tana nuna ƙasar da ta amince da ita, E1 Jamus, E4 Holan. Kusa da ita akwai haruffa irin HC ko HCR. Idan akwai kibiya mai kai ɗaya tare da waɗannan haruffa, ta masu tuƙin hagu ce. Mai kai biyu ana iya saita ta ko'ina. Idan babu kibiya, tamu ce. Sai dai ka lura, sigina da ƙaramar fitila su ma suna da tasu kibiyar a jiki ɗaya, kar ka rikita su. Kuma tunda buga da'ira a roba ba wani aiki ba ne, jabun wannan alama sun yi yawa. Shi ya sa bango ya fi tambari gaskiya, zan zo kansa.

Yanzu maganar lumen 20,000.

Kai da kake karanta wannan a waya ka san fawa-bank mai rubutun 50,000mAh da ba ya cika waya sau biyu. Ka san memori mai 1TB da ake sayarwa kuɗin katin waya. Lumen ɗin kwali ɗan gidansu ne. Kwan halojin H4, wanda yawancin tsofaffin Hilux suke amfani da shi, wat 60 yake ci a ful-lait, 55 a dim, yana ba da lumen wajen 1,650 da 1,000. Kwan zenon na wat 35 da ake sa wa manyan motoci daga kamfani yana ba da wajen 3,200. Ni da kaina na sa mita na auna kwan LED ɗin da ya zo cikin fitilar Kawu: amfiya 2 yake ja a bolt 13.5, wato wat 27. Ko da lumen 20,000 ɗin na ƙwai biyun ne a haɗe, ana nufin kowane wat yana ba da lumen 370. LED mafi kyau da ake sayarwa da kaɗan yake wuce 200, a cikin mota kuwa, inda zafi yake cin ƙarfinsa, ya fi kusa da 100. Lissafin firamare ya isa ya tona asirin kwalin.

Amma a ce ma lambar gaskiya ce, ba abin murna ba ne. Lumen yana gaya maka yawan hasken da ya fita, ba ya gaya maka inda ya tafi. Kamar megafiksel ne a kyamara, waya mai 108 tana iya ɗaukar hoton da bai kai na mai 12 ba idan gilashinta da manhajarta ba su da kyau. A ƙa'idar Turai ma, fitilar dim da kwanta ya wuce lumen 2,000 ana buƙatar ta zo da na'urar da ke daidaita tsayin hasken da kanta da kuma abin wanke gilashi, saboda datti kaɗan ko ɗagawa kaɗan ya isa ya mai da ita makami. Mu kuwa muna neman ninkin wannan sau goma, a motar da ke yini a ƙura.

Wani zai ce to shi ba zai canza fitilar gaba ɗaya ba, kwan kawai zai cire ya sa na LED. Wannan ne ma ya fi yawa a titunanmu, kuma shi ne ya fi kashe ido. Kwanon da ke bayan kwan, mai sheƙi kamar madubi, an lanƙwasa shi ne bisa lissafin wani ɗan siririn zare mai ci da wuta a wani takamaiman wuri, yana watsa haske ko'ina a kewayensa. LED faranti ne mai fuska biyu, yana da kauri, kuma haskensa gefe da gefe yake fita. Ka gusar da tushen haske da milimita ɗaya ko biyu, layin nan na sama ya wargaje. Kai a ciki za ka ga gabanka ya yi fari fat ka ji daɗi, amma hasken ya taru ne a mita goma na farko da kuma sama, idonka ya saba da farin da ke kusa, nesa ta ƙara yi maka duhu. A lokacin hazo abin ya fi muni, don duk hasken da ya tashi sama ƙura ce take dawo maka da shi fuska. A Ingila tun 2021 motar da aka yi wa irin wannan sauyi faɗuwa take a gwajin shekara-shekara, ban da tsofaffi ƙwarai. A Jamus an amince da wasu ƙwayayen LED na Osram da Philips tun wajen 2020, amma kowane kwai da jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya. Wato abin yana yiwuwa, sai dai da gwaji, ba da "ai ya shiga" ba.

Wannan kalma ta "ai ya shiga" tana tuna mini da abin da muke cewa idan manhaja ta ƙi aiki a wayar mutane: ai a kwamfutata tana yi. Direban da ya zauna a kujerarsa ya kunna fitila ya ce ta yi, a kwamfutarsa kawai ya gwada.

A-kori-kura kuma tana da wata matsala ta daban da ƙaramar mota ba ta da ita. Fitilarta a sama take, kusan daidai fuskar mai Corolla da mai A Daidaita Sahu, da madubin duk wanda ke gabanka. Sannan an yi ta don kaya. Ka loda buhu goma na masara a baya, gindi ya zauna, hanci ya ɗaga, hasken da ɗazu yake kallon kwalta ya koma kallon mutane. Wasu motocin suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, da lambobi daga sifili, wanda yake sunkuyar da fitila idan an yi lodi. Direbobi da yawa ba su san amfaninsa ba. Fitilun kasuwa masu araha kuma sau da yawa ba su da ɗan injin da wannan maɓalli yake juyawa, ko wurin da za a mayar da tsohon. In motarka tana da shi, ka tambaya kafin ka biya. Wanda ya ɗaga motarsa ya sa manyan tayoyi, nasa lissafin ya ƙara nisa.

Ka tuna mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka dalle wa mai tahowa ido na daƙiƙa biyu, ya yi tafiyar rabin filin ƙwallo yana lalube, kuma kai yake tunkarowa. Wannan ita ce amsata ga masu cewa kowa yana kashe musu ido, don haka su ma sai sun rama. Ramuwar da za ta sa tirela ta tunkaro ka a makance ba ramuwa ba ce.

Ban ce fitilar kamfani ba ta da aibi ba. A 2016 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta gwada fitilun a-kori-kura 11, guda ɗaya tak, Honda Ridgeline, ta samu sakamako mai kyau. Titunanmu kuma babu fitilu, babu fenti, ga ramuka ga dabbobi, don haka wanda ya ce yana son ƙarin haske ba son burga ne kawai ba. Sabuwar fitila ta asali, irin wadda Koito yake ƙera wa Toyota, tsadarta ba ta kowa ba ce. Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsallake matakai masu araha a tafi kai tsaye ga kyan ɗan maciji.

Gilashin fitilar zamani roba ce, rana take cinye fatar da ke kare ta har ta dafe. Ƙungiyar direbobi ta Amurka, AAA, ta auna a 2018 ta ga fitilar da ta dafe tana ba da kashi 22 cikin ɗari kacal na hasken sabuwa. Gogewa da sabunta fatar ya dawo da ita wajen kashi 70, fitilar kasuwa ta kai tsakanin 83 da 90, ta asali ce kawai ta cika ɗari. Ka ga ke nan fitilar kasuwa mai bin siffar ta asali, irin ta kamfanonin Taiwan su TYC da Depo, ba abin rainawa ba ce. Ba ta da sigina mai gudu, ba za ta yi farin jini a TikTok ba, amma an yi ta ne a kan kwan da motar ta zo da shi. Ita ma sai ka tabbatar ta hannun dama ce. In gogewa ka zaɓa, ka tabbata mai gogewar ya fesa abin kariya daga rana a ƙarshe, in ba haka ba bayan wata biyu ko uku ta koma gidan jiya.

Akwai kuma abin da mai rewaya ya nuna mini wanda ban taɓa tunaninsa ba. Ya sa mita a soket ɗin fitilar Kawu, ya sa a batir, aka samu bambancin fiye da bolt ɗaya. Wayoyin sun tsufa, mahaɗa sun yi tsatsa, wuta tana zubewa a hanya. Halojin kuwa ba ya yafe wannan: bolt ya ragu da kashi 10, haske ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Maganinsa rile da waya mai kauri daga batir, da fiyus. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, da wannan kuka fara da ba ku kashe kuɗinku ba." Na yi shiru, don gaskiya ce. Ya kuma gargaɗe ni kan ƙwai masu wat 100 da ake sa wa a wayar da aka yi wa 55, su ne suke narkar da soket su ƙona kwanon ciki.

Sauran ƙananan matsalolin fitilun kwalliya ba sai na daɗe a kansu ba. Sigina ta LED tana sa ƙyaftawa ta yi sauri saboda motar tana ɗauka kwai ya mutu. Ɗan fankan da ke sanyaya kwan LED ƙura tana toshe shi, ya tsaya, kwan ya dushe. Da damina raɓa tana taruwa a ciki idan danƙon bakin bai kama ba. Wasu kuma LED ɗinsu a manne yake, ɗigo ɗaya ya mutu sai an sayi fitila sukutum, kamar wayar da ba a cire mata batir.

To, bango.

Nemi fili mai shimfiɗa da bango a gaba, bayan magariba. Tayoyi su kasance da iskarsu daidai, baya babu kaya, maɓallin nan in akwai a sifili. Auna daga ƙasa zuwa tsakiyar fitila, ka je bango ka manna salatif a wannan tsayi. Ja motar baya ta tsaya mita 10 daga bango, ka kunna dim. Da farko duba siffa: akwai layi mai kaifi ko kuwa haske ne kawai a warwatse kamar an zubar da kunu? In babu layi, magana ta ƙare, babu saitin da zai gyara ta. In akwai, ina yake hawa? Kana tsaye a bayan mota kana kallon bango, dole ya hau ta dama. Sannan tsayi: a jikin fitila ko kusa da ita sau da yawa akwai lamba kamar 1.0% ko 1.2%. Kashi 1 yana nufin a mita 10 kwantaccen layin ya sauka santimita 10 ƙasa da salatif. Akwai kusoshin saiti a bayan fitila, a juya har ya zauna, kowane ido daban, kana rufe ɗayan da kwali. Bayan nan ka sa mutum uku ko huɗu su hau baya ka ga yadda layin yake tashi. Wannan kaɗai ya isa ya canza maka tunani.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba na ganin kowa yana yi. Ka bar motar a kunne, ka yi tafiyar taku talatin gaba, ka tsaya ta inda mai tahowa zai kasance, ka durƙusa daidai tsayin wanda ke zaune a ƙaramar mota, ka kalli fitilarka.

Kada ka yarda da bidiyo a wannan harka, har wanda ka ɗauka da kanka. Kyamarar waya tana daidaita haske da kanta, tana ƙara shi a duhu tana rage shi a fari, yanayin dare kuma yana haɗa hotuna da yawa ya fitar da abin da ido bai gani ba. Bidiyon "kafin" da "bayan" da ake talla da shi ba ya nuna komai sai abin da manhajar kyamara ta ga dama. In kana son kwatanta tsohuwa da sabuwa, shiga yanayin Pro, ka kulle ISO da saurin ɗauka a lamba ɗaya, ka ɗauki bangon daga wuri ɗaya. Kuma in za ka saya a intanet, ka ce wa mai sayarwa ya turo maka hoton hasken a bango, ba hoton fuskar mota ba. Wanda ya san kayansa zai turo. Wanda ya fara kewaye-kewaye ya ba ka amsa.

Kawu dai a ƙarshe Ƙofar Ruwa muka je, muka samo fitilu biyu na asali 'yan Beljiyam masu gilashi garau, na duba babu kibiya, aka sa sababbin ƙwai na wat 60/55, mai rewaya ya ja rile, muka saita a bangon wani sito da salatif ɗina. Kuɗin duka bai kai abin da na kashe a na farko ba. Motar ba ta yi kama da ta TikTok ba, kuma har yau yana tsokanata da cewa injiniyansa ya kusa haɗa shi da shanu.

Fitilun kwalliyar suna nan a kwalinsu ƙarƙashin teburina. Wani abokina mai Hilux ya taya su sau biyu, na ce ba na sayarwa ba ne. Zanen siginar nan mai gudu na ɓalle daga ɗaya, ina wasa da shi a kan Arduino.